Ayar Caduwa, sunan Balansiya

A gaɓar tekun Bahar Rum, cikin ƙasar Sipaniya, akwai wata jaha da ake kira Balansiya. Baƙi na tururuwa can domin bakin teku da tsoffin gine-gine, su ci shinkafar tafkin Albufera, masu shan giya kuma su nemi ta inabin Utiel da Rekena. Amma abin shan da mutanen wurin sunka fi taƙama da shi ba giya ba ne. Orcata ce, wato kunun aya, ba wani abu ba.

Ayar da ake nomawa a Alboraya da kewayenta ba ta isar masana'antunsu, don haka sukan cika da ta Afirka ta Yamma, har da ta Nijar. Ta Nijar kuwa, jahar Maraɗi ce cibiyarta: jigawar Agye, Gazawa da Caduwa.

Mai karatu da ya taɓa bin babbar hanya bayan kaka ya ga hayaƙi da ƙura na tashi daga gonaki. Haƙar aya ke nan. Sai an ƙone ganyen, a tone ƙasa, a tankaɗe ta da rariya, a sheƙe, kuma mata da yara ke shan mafi yawan wannan wahala. Gonar ma ba ta tsira ba, domin ƙasar da anka tankaɗe iska ke kwashe ta, ga aya da cin takin zamani. Manomin da ya ci bashin taki da damina, dole ya sayar da tiya tun farashi na ƙasa. Riba tana ga mai sito, wanda zai jira azumi.

Bambancin yana ga suna. Ayar Balansiya na da hukumar da ke tsaron sunanta, ba mai manna shi a kan buhun da ba na can ba. Ta Caduwa kuwa, da ta ƙetara iyaka zuwa Katsina ko Kano ta zama aya kurum. Rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019, da takunkumin CEDEAO na 2023, sun nuna wa 'yan kasuwa haɗarin dogara ga ƙofa guda. Hanyar kuwa sananniya ce, tun da kilishin Nijar da albasar Galmi na da rajista a hukumar OAPI.

Abin kallo ma bai ƙaranta ba, mai nuna shi ne babu. Ga fadar Sarkin Gobir a Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji. Ga goribar Gulbin Kaba. Ga Ɗan Saga, inda manoma sunka raya itatuwa cikin gonakinsu har masana na zuwa daga nesa su gani. Matafiyi dai yakan tsaya a tasha, ya sayi dakuwa ta dala ashirin, mota ta tashi.