Kujerar Gaba Da Igiyar Da Ke Raba Mu

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Ya 'yan uwa masu karatu, bayan ƙaramar Sallar da ta wuce wata gardama ta tashi a majalisarmu da ke nan Jega, wadda aka kwana uku ana yi ba a kai ƙarshenta ba. Wani ƙanena, ɗan baffana, mai sayen albasa a Aliero yana kai wa Kudu, ya je Abuja kallon wasan Sallah na wani shahararren mawaƙin Hausa. Ya biya naira 250,000 don ya zauna a teburin manyan baƙi dab da dandamali, kuma kafin ya dawo gida hotunansa sun riga shi isowa ta WhatsApp.

Nan take majalisa ta rabu biyu. Wani dattijo manomi daga Maiyama ya ce wannan wauta ce da rashin tausayi, domin mafi ƙarancin albashi da gwamnati ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, ke nan yaron nan ya ƙona fiye da albashin wata uku a dare ɗaya, alhali tun da aka cire tallafin mai a 2023 gidaje da yawa sau ɗaya suke ɗora tukunya. Matasa kuwa suka ce guminsa ne, bai yi sata ba, yana fitar da zakka, shi ke biya wa ƙannensa kuɗin makaranta, masu surutu hassada ce kawai ke cin su. Da aka gaji sai aka juyo gare ni, wai Malam ya raba gardama.

Tun farko na ajiye batun hukuncin kiɗa gefe. Malamai sun yi bayaninsa, ɗalibaina sun san matsayina, kuma ni ba na halartar irin wannan taro. Amma da a ce kuɗin nan tikitin kallon ƙwallo ya saya da su, ko kujerar alfarma a wurin biki, da dattijon Maiyama zai ji zafin da ya ji. Ashe abin da ya dami mutane ya wuce kiɗa.

Kuma ba mu kaɗai muke wannan gardama ba. A 2015 an fara nuna wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe mai suna Hamilton a unguwar gidajen wasa ta Broadway, a birnin New York na Amurka. Labarin Alexander Hamilton ne, maraya matalauci daga tsibiran Karebiyan wanda ya zama sakataren baitulmalin ƙasar na farko. Wasan ya karɓu har a 2016 kujera mafi tsada ta kai dala 849, masu sayen tikiti su sake sayarwa kuwa suna neman fiye da haka. Amurkawa suka yi ta tambayar kansu, ta yaya labarin maraya zai zama sai attajiri ke iya kallonsa? Masu wasan sun ware kujeru kaɗan ana ƙuri'a a kansu a dala 10, an kuma riƙa kai ɗaliban makarantun gwamnati a wannan farashi, daga baya a 2020 aka saki hoton wasan a intanet. Ko ba komai sun gane cewa wasan da ya rufe ƙofarsa ga talaka akwai abin da ya rasa.

Mu a ƙasar Hausa tsarinmu na da daban ne. Su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Sani Ɗandawo sarakuna da attajirai ke ba su doki da riga da kuɗi, amma a ƙofar fada ko a fili suke waƙa, mai faskare da mai tallan fura duk suna tsaye suna ji. Mai hali ya biya, kowa ya saurara. Yau kuwa waƙar da ƙanena ya je ji tana cikin wayar kowane ɗan acaɓa a tashar Jega, kyauta. To me ya saya da kuɗinsa? Na kira shi gefe na ce, da za a ba ka wannan kujera a wannan farashi, amma a karɓe wayarka, kada a ɗauki hoto, kada mawaƙin ya ambaci sunanka, kada kowa ya san ka je, za ka biya? Ya yi shiru, can ya yi dariya ya ce, "To Yaya Malam, mi ya rage ke nan?" Wallahi na gode masa da wannan gaskiya. Abin da ya saya shi ne igiyar nan da ake ɗaurawa tsakanin teburin manya da sauran jama'a, da idanun waɗanda ke bayanta.

Addininmu bai ɗauki arziki laifi ba. Sayyidina Usman da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah Ya ƙara musu yarda, manyan attajirai ne, kuma Allah Ya fifita wasu a kan wasu a arziki don jarrabawa. Abin da aka nema gare mu, kamar yadda aya ta 67 a Suratul Furƙan ta nuna, shi ne tsakaitawa tsakanin ɓarna da ƙwauro. Sannan akwai hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, wanda ya aibata walimar da ake gayyatar mawadata a bar matalauta. Abincin walimar halal ne, ware talaka shi ya ɓata shi.

Sai dai masu suka ma akwai nasu rabon. Ƙissar Ƙaruna a Suratul Ƙasas ta nuna mana mutumin da ya fito cikin adonsa don a gan shi, ta kuma nuna mana waɗanda suka tsaya gefen hanya suna burin ina ma su ne. Dukkansu ado ɗaya ya ɗauke musu hankali. Dattijon Maiyama na yarda tausayin maƙwabta ne ya sa shi magana, amma nawa ne cikinmu da za a miƙo musu tikitin nan kyauta za su mayar da shi? Kowa ya tambayi zuciyarsa.

Ni ma da na tambayi tawa sai na ji kunya. Bara mun yi walimar saukar karatu a makarantar da nake koyarwa. Muka jera kujerun alfarma a gaba don masu ba da gudummawa, ni da kaina na riƙe lasifika ina kiran sunayensu da adadin abin da suka bayar. Yarinyar da ta fi kowa ƙarfin hadda marainiya ce, mahaifiyarta ƙosai take sayarwa. Sai bayan an watse na ji cewa matar nan a bayan rumfa ta tsaya cikin rana, domin ba ta iya sayen ankon iyaye ba, kuma ba ta ga lokacin da aka miƙa wa ɗiyarta allo ba. Babu ganga babu kalangu a wurin, amma igiyar tana nan, kuma mu malamai muka ɗaura ta. Mu ne fa muke koya wa yara Suratu Abasa da labarin Ibn Ummi Maktum makaho.

Saboda haka abin da na faɗa wa majalisa shi ne, kafin mutum ya biya kuɗin kujerar gaba, a wurin wasa ne ko biki ko taron wa'azi, ya duba ko akwai haƙƙin wani a wuyansa da bai sauke ba, na iyali ko maƙwabci ko mai bin sa bashi. Ya duba ko zai biya in ba mai ganinsa. Ya kuma duba wa aka tura baya don shi ya zauna gaba.

Mu dai a makarantarmu mun yanke cewa a walima mai zuwa sahun farko na iyayen masu sauka ne, babu anko, kuma gudummawa a asirce za a karɓe ta. Wasu sun ce abin da za mu samu zai ragu, kuma mai yiwuwa gaskiyarsu ne. Ƙanena kuwa bai yi mini alkawarin komai ba, ni ma ban nema ba, amma ya cire hotunan.

Allah Ya tsare mu daga riya da hassada, Ya sanya albarka a abin da Ya ba mu. Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.