Da wane baki zai tsawata masa?

Makon jiya na je Likoro ta'aziyya, na dawo Zariya da magana tokare a ƙirjina. Bayan an shafa fatiha, ƙanena, ɗan baffana, ya ja ni zaure ya ce, "Yaya, ka yi wa yaron nan faɗa, ni dai ya fi ƙarfina." Yaron ɗansa ne, shekararsa 13. Tun da aka fara saran rake bai leƙa aji ba. Da asuba yake fita, ya yi sara, ya ɗaure dami, ya taya lodi a manyan motoci, wata rana ma ya kai dare wurin masu dafa mazarƙwaila yana iza wuta. In ya shigo gida sai ya miƙa wa uwarsa kuɗin cefane, ya ba ƙannensa na ƙosai.

Na ce to kai me ya hana ka tsawata masa? Ya daɗe yana kallon tabarma, sannan ya ce, "Da wane baki, Yaya? Tuwon da na ci jiya, shi ya biya kuɗin niƙan."

Na tausaya masa ƙwarai. Na san bashin takin da ke wuyansa, na san yadda kuɗin man injin ban ruwa ya koma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023. Manomin Kudan da Maƙarfi kullum shi ne a ƙasa. Na sha yin kuka a kan kamfanin tumatir na Ikara, wanda ya yi shekaru a rufe alhali tumatir na ruɓewa a kwanduna bakin titi. Da noman uba na riƙe gida, da ba a kai ga jiran aljihun yaro ba.

Amma tausayi ba zai rufe mini baki ba. Ranar da uba ya fara karɓa daga hannun ɗansa ƙarami, ranar ya miƙa masa sandar gidan. Yaro zai dawo tsakar dare, ba mai tambayarsa daga ina. Zai sayi waya, ba mai duba abin da ke ciki. In gajiya ta yi masa yawa, wani babban banza a wurin lodi zai nuna masa ƙwayar da ke sa a yi aikin mutum biyu, uwar kuma ta ga idonsa ya yi ja ta ce hayaƙi ne. Akwai kuma iyayen da ba su da uzurin ƙanena ko kaɗan: garada majiya ƙarfi, suna zaune a teburin mai shayi har hantsi, 'ya'yansu na can cikin ƙaiƙayin rake. Waɗannan ba talauci ke damunsu ba, mutuwar zuciya ce, kuma Allah zai tambaye su amanar da ya ba su.

Za a ce mu ma a gona aka rene mu. Gaskiya ne, amma bayan an tashi daga makaranta muke zuwa, kuma gandun gidanmu muke yi wa aiki, ba kuɗi ake ƙirga mana a tafin hannu ba. Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta. Wa ya taɓa jin an kira uba ɗaya a Hunƙuyi an tambaye shi ina ɗansa?

Na sa aka kira mini yaron. Ya durƙusa ya gaishe ni, tafin hannunsa duk kanta. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Baba, ina son makaranta. In na koma, wa zai biya niƙa?" Na ce ni zan biya har a gama kakar rake, ubansa kuma ya yi mini alkawarin shi zai raka shi da ƙafarsa har ƙofar aji. Ranar Litinin da hantsi zan buga waya in ji.