TSOKACI: Mota ta yi kwatsa-kwatsa, to wa zai biya?

A wannan watan ba zancen soyayyar wane da wance zan yi ba, ba kuma rigimar furodusa da darakta ba. Zancen mota zan yi, amaryar da kowane ɗan fim yake fara biya wa sadaki da zarar Allah ya ɗaga shi.

Duk wanda ya san industiri ya san matsayin mota a cikinta. Tun zamanin da ake yayin Honda Hala da Henesi da Fijo 406, har zuwa yau da ake gasar Marsandi da manyan jif, al'adar ba ta canja ba. Yaro ya fito a fim uku ko huɗu, sai ka ji an ce wane ya yi mota. A taru a ƙofar ofis a shafa ta, a yi addu'a, a ɗauki hoto. Wani har suna yake raɗa mata. Kuma ba ado kaɗai ba ce. Ita ce ofishinsa, ita ce ɗakin canja kayansa a lokeshin, ita ke kai shi Jos yau, gobe Kaduna, jibi gala a Maraɗi.

Titi kuwa bai san tauraro ba. Ba mu manta da Balaraba Muhammad ba, wadda ta rasu a haɗarin mota a 2003 a kan hanyar kai ta ɗakin mijinta, haka kuma Ahmad S. Nuhu da ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2007. Allah ya jiƙansu da rahama. Wannan rashi ne da kuɗi ba ya mayarwa. Amma akwai wani rashin da ba a cika zancensa ba, wato mutum ya fito da ransa da lafiyarsa, motar kuwa ta tashi daga aiki. Kwana uku ana zuwa jaje, "Allah ya kiyaye gaba, Allah ya mayar da alheri." A rana ta huɗu kowa ya kama gabansa, a bar shi da mushen mota da mai janwe yana jiran kuɗinsa.

To a nan ne fa mutumin naka zai tuna akwai wata takardar inshora a cikin fatikulolinsa. Ya zaro ta da murna, ashe murna za ta koma ciki. Mafi yawanmu abin da muke riƙe da shi ita ce inshorar da ake kira tad-fati, wadda doka ta wajabta wa duk mai abin hawa. Ita wannan ba don motarka aka yi ta ba, don wanda ka yi wa ɓarna aka yi ta. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, ta kuma ɗaga abin da za a iya biya na ɓarnar dukiyar wani daga naira miliyan 1 zuwa miliyan 3. Ka daki motar wani ko katangarsa, kamfani zai biya shi. Taka motar kuwa ko ƙusa ɗaya ba za su saya mata ba.

Wannan ma in takardar ta gaskiya ce ke nan. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa ganin ƙofar kamfanin inshora ba. Yaro ake ba kuɗi ya je ya "yo takardu", ya haɗu da ɗan kamasho a gindin bishiya, a bugo masa takarda mai tambari don kawai a wuce shingen 'yan sanda. Ranar da abu ya faru sai a tarar kamfanin bai san da zamanka ba. Alhali akwai rumbun bayanai da kamfanonin inshora suka kafa, NIID, inda za ka sa lambar motarka ta waya ka ga ko an yi mata rajista. Aikin minti biyu ne, wallahi.

Wadda ke gyara maka motarka ita ce cikakkiyar inshora, kamfirihensif. A ƙa'idar da NAICOM ta fitar a wancan lokaci, kuɗinta ba zai gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar ba. Wato motar miliyan 10, N500,000 ke nan a shekara. Na san wani zai ce, "Haba malam, ai da tsada!" Gaskiya ne. Amma ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Fanteka a Kaduna ka tambayi kuɗin fitilun gaba biyu da bamba da lagireto da gilas na irin motarka, sannan ka dawo mu yi lissafi.

Ita ma cikakkiyar tana da ƙa'idojinta, kuma rashin saninsu ne ke sa mutane su ce kamfanin inshora ɓarawo ne. Na farko, akwai wani kaso na kuɗin gyara da aka rubuta cewa kai za ka ɗauka. Na biyu, in an sa wa tsohuwar mota sabon kaya, za su iya cewa ka kawo gudunmawa tunda motar ta fi yadda take a da. Na uku, kuma shi ya fi ciwo, darajar da ka rubuta ita za ta bi ka. Tun da naira ta faɗi a 2023 kuɗin motoci ya yi tashin gwauron zabi. Wanda ya ci gaba da sabunta inshora a kan tsohon farashi, ranar da aka ce motar ba ta gyaruwa, abin da za a ba shi ba zai sayo masa irinta ba, kuma a bisa al'ada mushen ma nasu ne.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi shafar 'yan fim, wato aron mota. Labari ya ce jarumi ɗan attajiri ne, furodusa kuwa ba shi da ko keke. Sai a je wa wani Alhaji ko wata jaruma, "Don Allah Hajiya a taimaka mana da motar nan, sin biyu kawai za mu ɗauka." Ba rubutu, ba shaida, sai mutunci. Wani lokacin har ɗan kuɗin haya ake bayarwa. A miƙa makulli ga jarumin da ko lasin ba shi da shi, darakta yana ihu, "Taka ta sosai, ka ja birki da ƙarfi, so nake ƙura ta tashi!" Sai ji kake ƙau!

To ku sani, inshorar motar gida don zirga-zirgar gida aka yi ta. In aka ba da motar haya, ko direban ba shi da lasin, kamfani yana da hujjar zame jiki ko da cikakkiyar inshora ce. Daga nan sai rigima ta dawo gida. Furodusa ya ce ƙaddara ce, mai mota ta ce ita ba ƙaddara ta ba aro ba. A kai magana gaban manya, a yi alkawarin gyara "in fim ya fita", motar kuwa ta shekara a gareji kaji suna ƙwai a ƙarƙashinta. Zumunci nawa ne ya mutu a industiri a kan irin wannan?

In tsautsayin ya riga ya auku, abin da ka yi a ranar shi zai yanke maka hukunci. A fara da rai, a kai wanda ya ji ciwo asibiti. Lambar jami'an kiyaye haɗurra 122 ce. Sannan a ɗauki hotunan motar ta kowane ɓangare kafin a gusar da ita. Mu da aikinmu kyamara ne, bai kamata a koya mana wannan ba. A samo rahoton 'yan sanda. A sanar da kamfani nan take, kada a bari sai an gama karɓar jaje. Kada ka sa hannu a kan wata takarda a bakin titi don jama'a sun taru suna "a yi haƙuri a sasanta". Babban abu kuma, kada fanalbita ya taɓa motar sai jami'in kamfani ya gan ta ya amince da ƙiyasin gyara. In kamfani ya tsaya yi maka yawo da hankali, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafi.

A gareji ma sai ka buɗe ido. Fenti mai ƙyalli ba shi ne gyara ba. Motar da shasinta ya karkace, in ba a miƙar da shi da kyau ba, za ta riƙa ja gefe tana cin taya har abada. Wani zai cika ƙofa da fila ya bi da fenti, bayan wata shida ta fara tsagewa. Mafi haɗari shi ne jakar iskar da ke kare direba. In ta fashe, wasu ɗinke murfin kawai suke yi su kashe fitilar gargaɗin. Ka nemi a nuna maka duk kayan da aka sayo, a kuma ba ka tsohon da aka cire. Kuma kada ka biya kuɗin aiki gaba ɗaya tun farko.

Na san akwai masu ƙyamar inshora saboda shubuhar riba da caca. To yanzu akwai takaful, wadda NAICOM ta fitar wa ƙa'idoji tun 2013, kuma akwai kamfanoni irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da ke yin ta. Tsarinta taimakekeniya ne. Kowa ya zuba a asusu ɗaya, wanda tsautsayi ya faɗa wa a tallafa masa, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su karɓi komai ba.

Kirana ga MOPPAN da ƙungiyoyin furodusoshi da jarumai shi ne su fito da takarda guda ɗaya, shafi ɗaya tak, da za a riƙa cikewa duk ranar da za a ari mota zuwa lokeshin: wa zai tuƙa, yana da lasin ko babu, in an yi ɓarna wa zai biya. Su kuma zauna da kamfanin inshora ko na takaful su nemo wa membobinsu tsari na bai ɗaya mai sauƙi. Kai kuma ɗan'uwa, kafin ka sayi sabon rim da ƙatuwar sifika, fara zaro takardar nan ka duba ta.

Allah ya tsare mu da sharrin ƙarfe, ya kai kowa gidansa lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.