Wa Ya Raba 'Ya'yanmu Da Ƙauye?

Da zarar makarantu sun ba da dogon hutu, kowa ya san abin da zai biyo baya a yawancin gidajen Kano, Kaduna, Katsina, Gusau da Sakkwato. Yara za su shafe makonni a kulle, daga ɗaki sai tsakar gida, daga talabijin sai wayar uwa. Wanda ubansa ke da hali a tura shi lesin, wanda ba shi da hali ya bi layi yana gararamba. Idan Sallah ta zo a yi musu ɗinki, a cusa su a adaidaita sahu, a kai su gidan namun daji ko wani babban kanti, a sha askirim, a ɗauki hoto, a dawo gida. Wai shi ke nan an yi hutu. Wannan abu yana ƙona mini rai, domin an ƙwace wa yaran nan ƙauye, an ƙwace musu daji da rafi da gona, mu kuma iyayensu mun naɗe hannu muna kallo.

Ba a daɗe ba da wucewar zamanin da hutu a ƙasar Hausa yake nufin tafiya gida. Ana rufe makaranta za a haɗa wa yaro 'yan kayansa, a ƙara da sabulu da sukari da ganyen shayi na tsaraba, a kai shi tasha a damƙa shi a hannun direban garinsu. Ko rakiya ba a yi masa. Yana sauka kakarsa za ta tare shi da tsokana: "Maigidan nawa ne sai yau? To ina cefanena?" Kafin ya ajiye jaka an dama masa fura da nonon da aka tatsa da safen nan. Dogon hutu a damina yake faɗowa, don haka washegari gona za a nufa da shi. A nan zai san bambancin gero da dawa tun suna tsaye, hannunsa ya yi bororo da fartanya, ya ci tumu da gasasshiyar masara a bakin gona, ya bi taubasansa kiwo, su faɗa rafi su fito jikinsu fari fat da ƙura. Idan hutun Disamba ne, lokacin kaka ke nan: ana ɗaurin dami, ana cika rumbu, mata na roron wake, yara na kakkaɓar magarya da kanya. Da dare a fita dandali, 'yan mata na gaɗa, maza na langa, ƙanana sun kewaye tsohuwa tana ba su labarin Gizo da Ƙoƙi. Idan an yi sa'a a tarar da dambe ko kokawa a garin da ke maƙwabtaka.

Yaron da ya yi wannan hutu yakan dawo birni da abubuwan da babu makarantar kuɗin da za ta ba shi. Ya san danginsa ɗaya bayan ɗaya, ya san wa zai durƙusa wa, ya san wa zai tsokana. Hausarsa ta nuna. Ya ga irin gumin da ake zubarwa kafin tuwo ya hau faranti, saboda haka ba zai ƙara watsar da abinci a kwata ba. Zumuncin da muke wa'azinsa a kan mumbari, a irin wannan tafiya ake ƙulla shi.

Yau faɗa wa mutumin Birnin Gwari, Zurmi, Batsari, Sabon Birni ko Mariga ya tura ɗansa hutu gida, ka ga irin kallon da zai yi maka. Kakannin da za a je wurinsu ma da yawa sun gudo, suna raɓe a kangaye da gidajen 'yan uwa a cikin gari. Waɗanda suka rage sai sun biya ɓarayin daji haraji kafin su shiga gonar da suka gada kaka da kakanni, su sake biya kafin su yi girbi. Uban da ya ga an kwashe ɗaruruwan ɗalibai a Ƙanƙara a Disambar 2020, aka kwashe 'yan mata a Jangebe a Fabrairun 2021, aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, aka sake kwashe yara a Kuriga a Maris ɗin 2024, wa zai zarge shi idan ya ce ɗansa ba ya zuwa ko nan da can? Idan ana lissafin ɓarnar 'yan bindiga, rayuka ake ƙirgawa da shanu da kuɗin fansa, kuma haka ya kamata. Amma akwai wata asarar da ba a sa ta a lissafi. Ana rainon zuriya guda da ba ta taɓa kwana a garin ubanta ba, wadda in ta ji an ce daji, bindiga ce ke faɗo mata a rai.

Dazuzzukan da ya kamata su zama wuraren da iyali za su je su buɗe ido su ne suka zama maɓoyar miyagu. Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari gandun daji ne na ƙasa tun 1999, amma wa ke da ƙarfin halin kai matarsa da 'ya'yansa can? Dajin Rugu a Katsina sunansa kaɗai ya isa ya tayar da hankali. Dajin Falgore da ke kan hanyar Kano zuwa Jos ya daɗe yana fama da ɓarayin shanu da masu tare hanya. Gwamnatocinmu sun janye ƙafa daga dazuzzukan nan shekara da shekaru, ba ma'aikatan gandun daji isassu, ba hanya, ba kayan aiki. Duk wurin da hukuma ta bari kuwa, wani zai shiga ya kafa tasa.

Wani zai ce ai matsalar tsaro ce, ta fi ƙarfin kowa. To wuraren da suke zaune lafiya fa, me aka yi musu? Marigayi Audu Bako ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. A cikin waɗannan shekaru ya gina madatsar ruwa ta Tiga, ya yi tafkin Bagauda da masaukin baƙi a gefensa, ya buɗe gidan namun dajin da har yau yake ɗauke da sunansa. Ɗan sanda ne, amma ya gane cewa talaka ma mutum ne, yana buƙatar inda zai kai iyalinsa su sha iska. Iyayenmu sun ga lokacin da ake cika mota a tafi Bagauda ko Tiga ranar hutu, a shimfiɗa tabarma a bakin ruwa, a ci abinci, yara su yi ta guje-guje har la'asar. Yau Bagauda makarantar horar da lauyoyi ce, otal ɗin da ke kan dutse a Tiga kuwa ya shafe shekaru a yashe. Fiye da shekara hamsin ke nan, gwamnoni nawa aka yi, kuma wanne ne a cikinsu ya ƙara wani abu mai kama da wannan?

Dubi Yankari a Jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, kuma faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000. Akwai giwaye, akwai ɓauna da gwanki da birai, ga ruwan Wikki mai ɗumi da yake ɓuɓɓugowa garai-garai daga ƙarƙashin dutse, rani da damina ɗuminsa ɗaya. Ƙasashe irin su Kenya da Tanzaniya da irin wannan arziki suke ciyar da dubban gidaje. Mu kuwa sau da yawa sai ka tarar ɗan Bauchi ya girma ya yi aure bai taɓa leƙa Yankari ba, balle ɗan Kano ko ɗan Zariya. Bikin kamun kifi na Argungu an fara shi tun 1934, hukumar UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, amma sai da aka shafe kimanin shekara goma ba a yi shi ba, aka dawo da shi a 2020. Ga rijiyar Kusugu a Daura, ga dutsen Kwatarkwashi, ga magangarar ruwa ta Gurara da ta Matsirga, ga tsaunin Mambila mai sanyi da koren ciyayi. Allah bai rage mu da komai ba. Abin da muka rasa shi ne shugabanni masu kishi.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Masu riƙe da madafun iko ba a nan suke hutu ba. Ana rufe makaranta 'ya'yansu suna filin jirgi, sai Dubai, sai Landan, sai Masar, sai Turkiyya. Wanda yake hutawa a Dubai ina ruwansa da rufin da ya yaye a Tiga? Ina ruwansa da ramukan hanyar ƙauyenku, alhali shi ko garinsu zai je sai da jerin motocin 'yan sanda da jiniya? Kowace shekara ana ware kuɗi a kasafi da sunan yawon buɗe ido, ana naɗa kwamishinoni da masu ba da shawara, ana yanke ƙyalle a gaban 'yan jarida. Je ka wurin bayan wata shida ka ga ko famfo ɗaya yana zubar da ruwa. Sannan aka zo aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 nan take, daga baya ta taɓa 1,000. Magidancin da ke da 'ya'ya shida, albashinsa ko buhun shinkafa ba ya saye da daɗi, da me zai biya musu kuɗin mota zuwa da dawowa?

Mu ma iyaye akwai namu kason laifin, kuma ba ƙarami ba ne. Ba kowane ƙauye ne ke hannun 'yan bindiga ba. Garuruwa da yawa a Jigawa, Gombe, Bauchi da sassan Kano lafiya lau ake kwana a cikinsu, amma 'ya'yansu da ke birni sun daina kai jikoki. Sai ka ji uwa tana cewa akwai sauro, ba wuta, ruwan rijiya zai ɓata wa yaro ciki, ko kuma za a lalata masa Turanci. Mun mayar da kalmar baƙauye zagi, har yaro yana jin kunyar faɗin sunan garin ubansa a cikin aji. Mutumin da aka yi wa kaciya a ƙauye, ya yi kiwon awaki, aka sayar da ɗan maraƙi aka biya masa kuɗin makaranta, yau shi ne ba ya taka garin sai an yi rasuwa, ya yi gaisuwa a tsaitsaye ya juya kafin magariba. Tsohuwarsa tana can tana tara wa jikoki gyaɗa da kuka da daddawa, tana tambayar duk wanda ya zo daga birni ko yaran sun girma. Wannan ba gwamnati ce ta yi mana ba. Mu muka yanke zumunci da hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Ya ku masu girma gwamnonin Arewa, tsaron hanya da daji shi ne farkon abin da kuka yi rantsuwa a kansa, ku sauke wannan nauyi. Ku ɗauki matasan garuruwan da ke bakin dazuzzukan nan aikin gadin gandun daji, ku biya su a kan lokaci, domin su suka san kowace ƙorama da kowane lungu. Ku gyara Tiga da sauran madatsun ruwa yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya biyan kuɗin shiga, a samu banɗaki mai tsabta, da masallaci, da inuwa, da masu ceto a bakin ruwa. Ku sa makarantun gwamnati su riƙa kai ɗalibai wuraren tarihi ko sau ɗaya a shekara. In har da gaske kuke cewa an samu zaman lafiya, ku kai naku 'ya'yan Yankari hutun bana mu gani.

Mu kuma iyaye, duk mai hali da garinsu ke zaune lafiya ba shi da wata hujja. Kuɗin lesin na wata guda ya isa kuɗin mota. A kai yaran nan su ga kakanninsu tun suna raye, a bar su su yi mako biyu, su sha ruwan randa, su bi 'yan uwansu gona. Wanda kuma 'yan bindiga suka raba shi da garinsu, kada ya saba da hakan har ya ɗauka ƙaddara ce kawai. Duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a, kafin ya buɗe baki a tambaye shi yaushe za mu iya kai 'ya'yanmu gida mu kwana da ido biyu a rufe. In ba shi da amsa, a nuna masa hanya.