Ƙaramar Tankar Yaƙi ta Haɗawa: Yadda Ake Zaɓenta da Yadda Ake Gina Ta

A wannan fitowa za mu yi magana a kan wani aikin hannu da ake sayarwa cikin kwali, wanda a Faransanci ake ce wa maquette, wato ƙaramin samfurin tankar yaƙi da aka yi da roba. Yana zuwa ne gutsure-gutsure, sai mai shi ya zauna ya haɗa, ya manna, ya shafa masa fenti. Irin waɗannan kwalaye ba su cika samuwa a kasuwanninmu ba. Galibi matafiyi ne yake kawo su tsaraba, ko a aika kuɗi ta intanet a jira makonni. Saboda haka kuskure wajen zaɓe yana da tsada. Kwalin da ya fi ƙarfin yaro yakan ƙare a ƙarƙashin gado, rabi a haɗe rabi a warwatse, kuɗi sun tafi, shi kuma yaron ya sa wa ransa cewa ba ya iya gama abin da ya fara. Wannan hasara ta biyu ita ce ta fi damunmu, kuma don kauce mata muka ɗauki alƙalami.

Abu na farko da za a duba a jikin kwali shi ne ma'auni. Idan aka ga an rubuta 1/35, ana nufin an rage tsawon tankar gaske sau 35. Tankar da tsawonta ya kai mita 6 za ta dawo kimanin santimita 17 a ma'aunin 1/35, santimita 12 da rabi a 1/48, santimita 8 da ɗan ɗoriya a 1/72. Ma'aunin 1/35 shi ne ya fi yaɗuwa, kuma asalinsa kamfanin Tamiya ne na garin Shizuoka a ƙasar Japan. A farkon shekarun 1960 kamfanin ya ƙera samfurin tankar Jamus mai suna Panther, ya yi ta daidai girman da zai ɗauki batir da ɗan injin lantarki a cikinta. Da aka auna daga baya sai aka tarar ta faɗa a kan 1/35, aka ci gaba da yin sauran a haka, wasu kamfanoni suka bi sahu.

Kada a ɗauka cewa ƙaramin ma'auni shi ne mai sauƙi a kowane hali. Na 1/72 ya fi araha, sassansa ba su da yawa, ba ya kuma cin wuri, amma wasu gutsattsarinsa ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Na 1/35 ya fi daɗin riƙewa a hannu, sai dai wasu kwalayensa na zamani suna ɗauke da sassa ɗaruruwa, waɗanda aka yi domin manyan da suka daɗe a aikin. Don haka abu na biyu da za a duba shi ne yawan sassan da aka rubuta a kwali, da matakin wahala, da shekarun da kamfani ya ƙayyade. A ganinmu, kwalin farko bai kamata ya wuce sassa 100 da ɗan wani abu ba. Ga yaro ƙarami kuwa akwai waɗanda ake danna sassansu su kama juna ba tare da gam ba, irin waɗanda kamfanin Zvezda na Rasha yake yi.

Abu na uku shi ne sarƙar da tanka take tafiya a kanta, domin a nan ne akasarin masu farawa suke karaya. Sarƙar iri uku ce. Akwai wadda take zuwa a doguwar igiya ta roba mai laushi, a naɗa ta a kan ƙafafu a haɗa bakinta. Akwai wadda aka raba ta dogayen yankuna da 'yan gajeru. Akwai kuma wadda kowace gaɓa take zuwa daban. Tankar Jamus mai suna Tiger I tana da gaɓoɓi 96 a kowane gefe, wato 192 ke nan da za a yanka, a goge, a jera ɗaya bayan ɗaya, ga kuma ƙafafunta masu shiga cikin juna layi-layi. Tankokin Tarayyar Sobiyet irin su T-34 da T-55 kuwa manyan ƙafafu biyar-biyar gare su a jere. Hoton Tiger a kan kwali yana ɗaukar ido, amma mai farawa ya nemi tanka mai sauƙin ƙafafu da sarƙa ta igiya.

Sannan a sani cewa akasarin kwalaye roba ce kawai a ciki, da takardar bayani, da 'yar takardar tambura. Babu gam, babu fenti, babu buroshi. Ba kuwa kowane gam ne yake yin wannan aiki ba. Kamfanonin Airfix na Ingila da Revell na Jamus da Heller na Faransa suna sayar da kwalaye na masu farawa waɗanda aka haɗa da gam da fenti da buroshi, kuma su muka fi ba da shawara. Wanda zai yi saƙo ga matafiyi ya tuna cewa kamfanonin jiragen sama suna hana ɗaukar gam da fenti masu kama wuta, don haka a bincika tun kafin a biya kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wasu kwalayen suna zuwa da 'yan siffofin sojoji. Gidan da ba ya son ajiye su yana iya barinsu, tankar cikakkiya ce ba tare da su ba.

Wace tanka ce za a zaɓa? Muna ganin gara wadda take da labarin da uba zai iya ba ɗansa. Ingila ce ta fara shigar da tanka fagen fama a ranar 15 ga Satumba 1916, a yaƙin kogin Somme a Faransa. Sunan ma dabara ce ta ɓoye sirri, domin an bar mutane su ɗauka cewa tankunan ruwa ake ƙerawa. Ashe tankin da ke kan rufin gida da tankar yaƙi sunansu ɗaya. Akwai tankoki biyu da labarinsu ya taɓa yankinmu. Ta farko ita ce Sherman ta Amurka. Janar Leclerc ya tashi daga Chadi da rundunar da mafi yawanta 'yan Afirka ne, ya ci Kufra a Libiya a watan Maris 1941. Daga baya aka mai da rundunar ta tankoki, aka cire akasarin baƙaƙen sojoji daga cikinta, ta shiga birnin Paris a kan tankokin Sherman a watan Agusta 1944. Heller ya fitar da wannan tanka a ma'aunin 1/72 da tambarin rundunar. Ta biyu ita ce T-55, wadda sojojin Libiya suka shigo da ita arewacin Chadi, aka lalata masu yawa a Fada a watan Janairu 1987 da Wadi Dum a watan Maris na shekarar, a hannun mayaƙan da suke kan ƙananan motocin Toyota.

Idan kwali ya iso, kada a yi ɗoki. A shimfiɗa faranti mai baki ko murfin kwalin domin kada gutsure ya faɗa ƙasa ya ɓace, tun da babu shagon da za a sayo madadinsa. A tanadi abin yankan farce, da reza ko 'yar wuƙa mai kaifi, da samfefa mai laushi irin ta kafintoci, da matsefata. A karanta takardar bayani daga farko har ƙarshe, ko da ba a jin harshenta, domin zane da lambobi su ne jagora. Sassan suna maƙale ne a jikin wasu sandunan roba kamar 'ya'yan itace a reshe, kuma lambar kowane sashe tana jikin sandar ne. Wanda ya cire su duka a lokaci guda ya ɓatar da lambobinsa. A yanke abin da matakin da ake ciki yake bukata kaɗai. Kada a murɗe sashe da hannu. A yanke shi nesa kaɗan, sannan a goge sauran da samfefa.

Kafin a sa gam, a gwada sassan biyu a bushe a ga sun zauna daidai. Dalili kuwa shi ne gam ɗin wannan aiki yana narkar da fuskar robar ne, sai sassan biyu su zama abu ɗaya, kamar yadda mai walda yake yi wa ƙarfe. Abin da aka manna a karkace, a karkace zai zauna. Ɗigo kaɗan ya isa, domin mai yawa yakan ci robar, ya kuma ɗauki zanen yatsa. Ana farawa da gangar jiki da ƙafafu, sai murfin sama, sai kan tankar da igwarta. Kan ba a manna shi da jiki, don ya riƙa juyawa. A lura da fuskar da sarƙa take kallo, domin tana da gaba da baya. Ƙananan abubuwa irin su fitila da shebur da eriya a bar su sai ƙarshe.

Game da fenti, mai narkewa da ruwa ya fi dacewa da gida, ba shi da wari mai ƙarfi, kuma ruwa ke wanke buroshinsa. A wanke robar da ruwan sabulu ta bushe, sannan a shafa fenti siriri sau biyu ko uku, ana jira tsakani. Shafi ɗaya mai kauri yakan binne duk ƙusoshi da layukan da aka sayi kwalin dominsu. Tambura kuma ana tsoma su cikin ruwa na ɗan lokaci, a zame su daga takarda zuwa jikin tanka, a tsane da auduga. Yanayinmu yana da nasa sharaɗi. Ƙurar hunturu tana manne wa ɗanyen fenti, don haka a kife kwali a kan aikin har ya bushe. Zafi kuma yana lanƙwasa roba, kada a shanya ta a rana ko a bar ta cikin rufaffiyar mota.

Reza da gam su zauna a hannun babba. A yi aiki inda iska take shiga, nesa da murhu da fitilar kananzir, a kuma ɗauke gam idan an tashi, domin mun san ɓarnar da shaƙar sholisho take yi wa matasa. Ƙananan sassa su nisanci bakin jarirai. Sai dai uba ya yi hattara da wani abu guda: kada ya karɓe aikin don ya ga hannun ɗansa bai kai nasa ba. Tanka mai ɗan karkataccen fenti wadda yaro ya gama da kansa ta fi masa amfani a kan kyakkyawa wadda ya zauna yana kallo ana yi. Rabin sa'a a kowane zama, cikin mako guda ko biyu na hutun lakwal, ya wadatar.

Wani zai ce mene ne hikimar sa kayan yaƙi a hannun yaro. Tambaya ce mai nauyi, kuma wanda ya zaɓi mota ko jirgin fasinja a madadinta bai yi laifi ba, domin darasin awo da bin tsari da haƙuri ɗaya ne. Wanda kuwa ya zaɓi tanka, to akwai hakki a kansa ya cika labarin. Idan yaro yana manna ƙofofin saman T-55, a faɗa masa cewa mutum huɗu ne suke shiga ta nan, a Sherman mutum biyar, kowanne da mahaifiyarsa tana jiransa, kuma da yawa ba su fito ba. A faɗa masa cewa bayan an gama yaƙin Chadi an bar gangunan waɗannan tankoki cikin rairayi suna tsatsa. Yaron da ya ji haka zai dubi abin da ya gina da hankali irin na manya.

Sayen nagari mai da kuɗi gida, nagari kuwa a nan shi ne kwalin da yaro zai iya kaiwa ƙarshensa. Allah ya albarkaci zuriyarmu, ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Wassalam.