Motar Ƙungiya: Giyar Hannu Ko Atomatik?

Zuwa ga 'yan'uwa fataken shanu, dillalai da masu masauki, na nan Zogona da na sauran unguwannin Wagadugu.

Kowa ya san inda aka kwana a taronmu na baya. An yarda a taɓa asusun ƙungiya a sayi mota kat-kat guda ɗaya, wadda za ta riƙa kai wakilanmu kasuwannin ƙauye, ta ɗauko dusa da gishiri da maganin dabbobi, in layya ta matso kuma ta kwaso raguna. Har nan babu gardama. Inda baki ya rabu shi ne irin giyar motar. Samarinmu sun ce atomatik, wato mai canja giya da kanta. Mu kuwa da muka haura shekara talatin muna shan ƙurar kara, muna ganin a sayi mai giyar hannu. Ga dalilanmu, a auna su kafin ranar ƙuri'a.

Da farko bari mu ba samari haƙƙinsu, don ba shirme suka faɗa ba. Atomatik tana da daɗin tuƙi a cunkoson gari, ƙafar hagu tana hutawa, mu masu ciwon gwiwa mun fi kowa sanin haka. A cikin yashi ma tana da rana, saboda ƙarfin inji ba ya yankewa a lokacin canjin giya, alhali mai giyar hannu da ya taka kulochi mota ta rage gudu, sai ta nutse. Kuma direban da bai ƙware ba yana iya ƙone kulochi, wanda makanikanmu na nan ke cewa ambiriyaj, a rami ɗaya tak. Duk wannan mun yarda.

To amma falke ba ya sayen sa don kyan ƙaho. Yakan buɗe baki ya duba haƙori, ya duba kofato, ya tambayi kansa ko dabbar za ta kai inda za a kai ta. Haka mota. Ranar da take lafiya kowace iri ta yi. Abin tambaya shi ne ranar da ta ƙi, a ina za ta ƙi, wa kuma zai tashe ta?

Mu duba hanyoyinmu. Kaya wajen kilomita 100 ce daga nan, Puytenga wajen 140, Fada Ngurma wajen 220. Kwalta ce har can, amma shanu masu sauƙin kuɗi ba a bakin kwalta suke ba. Sai an sauka an bi jar hanya, da rani ƙura da gargada, da damina taɓo da kwazazzabai. Ita atomatik da mai take aiki: man akwatin giya ne ke karɓar ƙarfin inji ya miƙa wa ƙafafu. In aka yi mata lodi aka sa ta kokawa da taɓo a zafin watan Afrilu, man nan yakan yi zafi fiye da kima. Ya bar ja ya koma baƙi yana warin ƙuna, daga nan sai giya ta fara zamewa. Ba ta kururuwa kafin ta mutu, shi ya sa direba ba ya farga da wuri.

Na biyu, turi. In sitata ta ƙi, ko batir ya yi sanyi, mai giyar hannu a sa ta a giya ta biyu, mutum huɗu su tura, ta tashi. Wata damina hakan ta same mu a bayan Puytenga, magariba ta kawo jiki, kuɗin shanun mutane na jikinmu. Yaran Fulani ne suka bar garke suka tura mana, muka yi isha'i a gida. Atomatik kuwa ko mutanen kasuwa duka za su taru, turi ba ya tashe ta. Ko ja ma ba a yi mata da garaje, domin in inji ba ya aiki famfon man akwatin ba ya juyawa, in aka ja ta nesa a kan ƙafafunta sai a ƙara mata wata cutar. Sai dai a kwance sandar da ke juya ƙafafun, ko a ɗora ta bisa babbar mota. A wane ƙauye za a samu wannan da daddare?

Na uku, makanike da kayan gyara. Faifan kulochi na Hilux ko na Land Cruiser, kusan kowane garaji a Kaya ko Fada ya san shi, a sauke akwati da safe a mayar kafin dare. Akwatin atomatik na zamani kuwa da kwamfuta yake tafiya, sai an kawo motar Wagadugu an jona mata na'ura kafin a san ciwonta. Wani ɗan'uwanmu, ba sai mun kama suna ba, tasa ta yi makonni a garaji ana jiran ƙarfe ɗaya daga Lome, har kasuwar layya ta watse yana hayar motar wasu. Waɗanda suka ga watan Janairu na 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, sun tuna yadda kayan gyaran waje suka yi tashin gwauron zabo. Tun ran nan muka koyi cewa abin da ba a iya gyarawa a gida, wuyan mai shi yana hannun wasu.

Na huɗu shi ne mafi nauyi. Da can in mota ta mutu a daji, abin da aka yi hasara kasuwa ce da barcin dare ɗaya. Yanzu kowa ya san halin da ƙasa ta shiga. Kasuwar Jibo da muke ci ran Laraba, da ta Gorom-Gorom ran Alhamis, rashin tsaro ya raba yawancinmu da su, a 2022 ma aka yi wa Jibo ƙawanya. Tsayuwar awa biyu a inda bai kamata ba tana iya zama maganar rai. Motar da za a iya turawa ta bar wurin, ita ce motar wannan lokaci.

Samari sun ce zamani riga ne. Gaskiya ne. Ita kanta Land Cruiser 79, wadda ta fito a 1999 da giyar hannu kaɗai, a 2023 Toyota ta yi mata atomatik. Amma wannan sabuwa ce dal, aljihun ƙungiya bai kai can ba. Abin da kuɗinmu zai saya ta hannu ce, irin waɗanda ake saukewa a tashar jirgin ruwan Lome. Ba mu san wa ya tuƙa ta ba, ba mu san yaushe aka canja man akwatinta ba. Kulochin da ya gaji ana gane shi a gwajin minti goma a kan hawa. Akwatin atomatik da ya gaji yakan yi lamo sai an biya kuɗi. Ba a cinikin biri a sama.

Saboda haka shawararmu ga kwamiti ita ce a sayi mai gazuwal, mai giyar hannu, mai ƙaramar giyar nan ta fita daga rami, a tafi da makanikenmu ya gwada ta da lodi kafin a miƙa ko dala. Sannan a ɗauki direba ɗaya wanda ya san daji, a hana ta zama motar kowa da kowa, don hannu da yawa shi ke cinye kulochi. Wanda Allah Ya hore wa, yana son atomatik ta zuwa masallaci da ɗaurin aure, ya saya da kuɗinsa, mu ma ma roƙi ɗani. Amma kuɗin asusu amana ne, a ciki har da na matan 'yan'uwanmu da suka rasu da marayunsu. Malamanmu sun karantar da mu a ɗaure raƙumi kafin a yi tawakkali.

In mun yi kuskure, ga fili nan, samari su amsa a fitowa ta gaba. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya buɗe mana hanyoyin kasuwa, Ya sa albarka a dukiyarmu, amin. Haza wassalam.