Hikimar Zamani: Kunne a Ƙarƙashin Jirgi

Masu karatu, a wannan wata za mu kai ku ƙasar Amurka, wurin masu kamun kifi da fatsa a manyan tafkuna. Masuncin Yawuri ko na bakin Tafkin Chadi yakan gane inda kifi yake ta wurin launin ruwa, da shawagin tsuntsaye, da abin da mahaifinsa ya koya masa. Na Amurka kuwa ya ƙara da wani akwati mai fuskar gilashi, wanda yake nuna masa zurfin ruwa, da duwatsu, da kututturan itatuwa, har da kifin kansa. Amma akwatin nan ba ya iya kome sai an haɗa shi da wani ɗan abu da yake zama cikin ruwa, wanda sau da yawa bai fi sabulun wanka girma ba. Mu za mu kira shi kunne, ko da yake baki ne kuma.

Ga yadda yake aiki. Duk wanda ya taɓa yin kira cikin rijiya ya san amsa-kuwwa. To, kunnen nan yana aika ƙara zuwa ƙasan ruwa, sa'an nan ya yi shiru ya saurari dawowarta. Ƙarar siririya ce ƙwarai. Irin wadda aka fi amfani da ita tana kaɗawa sau 200,000 a sakan ɗaya, mutum kuwa ba ya jin abin da ya wuce wajen 20,000. A cikin ruwan tafki ƙara tana tafiyar kusan mita 1,480 a sakan ɗaya, watau ta fi gudunta cikin iska sau huɗu da ɗoriya. In zurfin ruwa mita 15 ne, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, ƙarar za ta komo cikin kashi ɗaya bisa hamsin na sakan. Akwatin ya ƙidaya lokacin, ya raba biyu, ya rubuta zurfi. Kifi kuwa abin da ya fi tona asirinsa ita ce jakar iskar nan da yawancin kifaye suke da ita a ciki, gama ƙara tana buga iska ta dawo da ƙarfi fiye da yadda take buga tsoka.

Jirgin mai fatsa a can yakan kasance da inji biyu. Akwai babban injin fetur a baya, irin wanda muka saba gani a kwalekwalen Kainji, shi ne yake kai mutum wurin kamu. In an isa sai a kashe shi, a sauke wani ƙaramin injin batir daga goshin jirgi. Wannan ba ya ruri, yana jan jirgi a hankali kada kifi ya firgita, don haka muka ba shi suna injin sanɗa. Wani mutum mai suna O. G. Schmidt ne ya ƙera irinsa a garin Fargo, a Jihar Dakota ta Arewa, a 1934, kamfaninsa Minn Kota yana nan har yau. Akwatin ganin kifi na talaka kuwa ya zo daga baya: Carl Lowrance da 'ya'yansa, a Jihar Misuri, suka fito da nasu ɗan koren akwati a 1959.

Me ya sa ake ɗaura kunnen a jikin injin sanɗa? Domin mai fatsa a goshin jirgi yake tsayawa, yana juya injin da ƙafarsa. In kunnen yana can baya, tsawon jirgin kuwa mita 5 ne ko 6, abin da yake gani a akwati wurin da ya riga ya wuce ne. Ƙarar ba ta bazuwa nesa. Tana sauka ne kamar hasken tocila, a zurfin mita 9 faɗin da take dubawa bai fi wajen mita 3 ba. Saboda haka mutum yana so kunnen ya zama a ƙarƙashin ƙafarsa.

Ɗaurin kansa ba shi da wuya. Injin sanɗa doguwar sanda ce, a ƙarshenta akwai wani ƙarfe mai siffar gora kwance, farfela tana bayansa, a ƙasansa kuma akwai wani falle mai kama da wuƙa. Ana kewaye gorar da kilif mai sukurun ɗaurewa, irin wanda bakanike yake sa wa tiyon lagireto, sai dai lalle ya zama na ƙarfen da ba ya tsatsa. Kunnen ya zauna a cikin gorar ta ƙasa, fuskarsa tana duban ƙasan ruwa sak, hancinsa yana duban gaba, nesa da farfela, gama kumfar da farfela take tayarwa tana watsa ƙarar. Yawanci a gaban fallen nan ake sa shi. Waɗansu sun fi so su sa shi a bayansa in akwai fili, don fallen ya riƙa karɓar bugun kututture a madadinsa. A ɗaure kilif ɗin sama-sama tukuna, a sauke injin, a duba ko kunnen ya karkace, sa'an nan a matse. In an ga kifi yana fitowa a akwati kamar rabin baka maimakon cikakken baka, alama ce kunnen bai zauna daidai ba.

Inda mutane suke yin hasara, a wajen waya ne. Nan muke so masu karatu su tsaya da kyau, gama ko wanda ba zai taɓa shiga jirgi ba yana da famfon ruwa ko faifan hasken rana da waya take bi a gidansa. Wayar kunnen a ido kamar ɗaya ce, amma a cikinta akwai ƙananan wayoyi sirara da rigar da take kare su. Injin sanɗa kuwa ba ya zama wuri ɗaya: yana juyawa hagu da dama, ana ɗaga shi ana sauke shi sau da yawa a yini, ana kuma kwantar da shi bisa jirgi in za a yi gudu. In an ja wayar ta miƙe tsam, ranar da injin ya juya sosai sai ta tsinke daga ciki, fatar waje kuwa lafiya lau. Mai jirgi zai zargi akwati, ya zargi batir, alhali kunnen ne ya mutu. Da yawa daga cikinsu wayar a manne take da kunnen tun daga masana'anta, don haka tsinkewarta sau da yawa sayen sabo ne.

Don haka sai a hau da wayar ta gefen gorar, a bi bayan sanda da ita, a riƙa naɗa mata baƙin tef na masu aikin lantarki tazara-tazara. Waɗansu suna amfani da maɗaurin roba mai haƙora. Ba mu hana ba, amma a ganinmu tef ya fi, domin mai gaggawa yakan matse maɗaurin har ya ci cikin waya. A sama, wurin da sanda take juyawa, a bar wayar ta yi lanƙwasa mai yalwa. Akwai kuma irin injin da sandarsa take zamewa ta cikin wani rami in ana ɗaga shi. Irin wannan ba a naɗa masa tef a tsawon sanda, in ba haka ba ya cije. Sai a kama wayar a ƙasa da kuma can ƙoli kaɗai, a bar tsakiya a sake. Kafin a je ruwa, a tsakar gida, a juya injin iyakar juyawarsa kowane gefe, a ɗaga, a kwantar, ido yana kan waya, ana dubawa ko akwai wurin da ƙarfe yake datse ta. In ta yi saura kada a yanke. A naɗe ragowar a ɓoye.

Wata damuwa kuma ita ce ta lantarki. Wani lokaci da zarar an taka injin sai fuskar akwati ta cika da zane-zane kamar ana yayyafi. Injin ne yake yi wa kunnen surutu, musamman irin na zamani da yake rage gudunsa ta wurin kunna wuta da kashe ta da sauri ƙwarai. Maganin farko shi ne kada akwati ya sha wuta daga batir ɗaya da injin sanɗa. A kai shi ga batirin tada babban inji, ko a ba shi nasa, a sa masa ɗan fis kusa da batir. Na biyu, kada wayar kunnen ta kwanta jiki da jiki da manyan wayoyin injin. A tuna kuma, zurfin da akwati yake faɗa daga kunnen yake farawa. In injin ya nutse rabin mita, sai a ƙara rabin mita a kan lissafi.

Yanzu kamfanoni suna sayar da injin sanɗa da kunne a cikin gorarsa tun daga masana'anta, wayar tana bi ta cikin sanda, an huta da tef. Amma wani sabon abu ya sake dawo da ɗauri. A 2018 kamfanin Garmin ya fito da LiveScope, kunnen da yake duban gaba, yana nuna kifi yana iyo a daidai lokacin, har mutum ya ga ƙugiyarsa tana sauka gabansa. Shi a jikin sanda aka fi ɗaura shi, inda injin ya duba nan yake dubawa. Wannan ya kawo wata matsala, gama injunan yanzu suna iya riƙe jirgi wuri ɗaya da taimakon tauraron ɗan adam, suna ta juya kansu suna faɗa da iska, hoton kuwa sai ya yi ta yawo. Shi ya sa waɗansu suke kafa masa sanda dabam a gefe.

Gardama ta tashi a kansa a Amurka. Tsofaffin masu fatsa suna cewa samari sun daina duban ruwa, gilashi kawai suke kallo, waɗansu kuma suna tsoron kada a cinye manyan kifayen da dā zurfi yake ɓoye su. Mu dai muna ganin tsoron nan na biyu ba abin raini ba ne. Ƙungiyar B.A.S.S., mai shirya manyan gasannin kamun kifi a ƙasar, ta kafa doka a babbar gasarta ta 2025 cewa kowane jirgi kunne mai duban gaba guda ɗaya tak zai ɗauka, kuma sai a jikin injin sanɗa za a ɗaura shi. Wata ƙungiyar gasa mai suna NPFL kuwa ta hana shi ɗungum a wannan shekarar.